Akuyar da Ta Ratsa Duniyar Wata

Akwai wani ciwo da ke kama namiji, ba ya sa zazzaɓi, ba ya hana cin abinci, amma yana cinye mutum a tsaye: ya ji ana dariya a bayan bango ya yanke hukunci cewa da shi ake, girman kai kuma ya hana shi leƙawa ya ga abin da ake wa. Shi ne ya kama Don Belisario Ojeda, mai aski a Puerto Ceniza. Ga yadda ya ƙare da shi, ba ƙari ba ragi, mai irin halinsa ya buɗe kunne.

Belisario yana sabon ango Abundio mai hoto ya dawo daga birni da wata tsohuwar na'urar ɗaukar fim, wadda ya ba da babur ɗinsa ya karɓo, ya ce zai yi fim na sararin samaniya. Ba sai an je ko'ina ba, in ji shi. Ga filin gishiri nan a bayan gari, fari fat har inda ido ya gaji, da tsakar rana kawalwalniya na rawa a kansa, wa zai rantse ba duniyar wata ba ce? Labarin na wasu mutanen sama ne da miyarsu ta yi lami, suka sauko suka sace gishirin duniya kaf, aka tura kyaftin guda ya bi su har gida. Ya sa wa fim ɗin suna Ɓarayin Gishiri.

Jirgin mutanen sama kasko biyu ne na suyar kifi, aka kifa ɗaya a kan ɗaya, aka shafe su da fenti mai ruwan azurfa, aka rataye da zaren fatsa. Mutanen saman kuwa 'yan kwasar gishiri ne da aka kifa wa gwagwar tsane taliya a ka. Bindigar kyaftin famfon feshin sauro ce. Belisario aka ba kyaftin, saboda tsayinsa da gashin bakinsa, kuma shi kaɗai ne a garin zai iya sa rigar ledar ruwan sama da ranar nan bai yi dariya ba. Amaryarsa Casilda ita aka ɗora a kan tsani da sandar fatsa, tana saukar da jirgi tana ɗagawa.

Abundio fim ɗin ban dariya ya shirya, kowa ya sani. Belisario kaɗai ya ɗauki abin da gaske. Ya haddace jawabinsa a gaban madubin shago har ya daina jin kiran masu aski. Ranar da ake ɗaukar saukar jirgi, Casilda ta tuntsire da dariya daga kan tsani, ya yi fushi ya sa Abundio ya yi alkawarin yanke wurin. Abundio ya ce an gama. Bai yanke ba, don ba shi da sauran fim na sake ɗauka, kuma ko da yana da shi ba zai yanke ba.

Aka nuna shi ranar bikin waliyyin gari, da la'asar, a tsohon rumbun gishiri, an toshe tagogi da buhuna. Da kyaftin ya ɗaga famfon sauro ya ce, "Ku ajiye gishirin nan, ya ku mutanen sama, ba gadon kakanku ba ne!" sai rumbun ya ɗauka da dariya gaba ɗaya, har wata tsohuwa ta faɗo daga benci. Belisario ya miƙe ya gyara wuyan rigarsa ya fice, tun jirgi bai sauka ba. Bai sake taka ƙofar rumbun nan ba.

Shi ya fita, fim kuwa ya zauna. Duk shekara ranar biki sai an haska shi. Wani ya saci kwafi a kaset ya kai birni, ɗalibai suka haukace a kansa, suka fara zuwa mota-mota da gwagwa a ka. Su tsaya a ƙofar shagon aski su sara masa.

"Kyaftin! Mun zo mayar da gishiri!"

"In aski kuke so ku cire kwanon. In ba aski ba ku ba ni iska."

Su fashe da dariya su ce wallahi ko a fim haka yake, su tafi suna maimaitawa.

Da Abundio ya rasu, gwangwanayen fim ɗin a hannun Belisario ya bar su, saboda shi ke da kabad da ruwa ba ya shiga. Ranar biki ya miƙa su a bakin ƙofa kamar mai miƙa mataccen ɓera, ya koma bayan gida ya kwanta a ragar lilo. Daga can yake jin dariyar tana tsallako tafkunan gishiri, tana zuwa tana komawa kamar igiyar ruwa. Ya juya wa rumbun baya ya ce a ransa: har yanzu ba su gaji da ni ba.

Abin da bai sani ba, kuma ya hana a faɗa masa, shi ne abin da fim ɗin ya zama a cikin rumbu. Abundio bai iya hana kowa wucewa ba lokacin ɗauka, don haka rabin garin yana ciki bisa kuskure. Mutanen sama na tsaka da shawarar yaƙi, sai ga Chencho mai burodi ya ratsa bayansu a keke da kwando. Inuwar fadan coci da lemarsa tana kwance a ƙasan wata. Muryar wata mai wanki tana kiran ɗanta ya zo ya ci abinci, daidai lokacin da sarkin sama ke kuka. Akuya kuma ta shigo daga hagu, ta tsaya ta kalli kyaftin sama da ƙasa, ta wuce dama. Da fari wanda ya bayyana sai a yi masa ihu da tsiya. Da aka fara mutuwa, sai aka canja. Kowa ya shigo da ɗan gishiri a tafin hannu. In mamaci ya gifta, a kira sunansa da murya ɗaya, a watsa gishiri sama, ya riƙa saukowa ta cikin hasken majigi yana ƙyalli kamar an zazzage taurari. Sannan a yi dariya, irin wadda ake yi ana share ido. Baƙin birni ma sun haddace sunayen, suna kira kamar danginsu.

An yi ƙoƙarin gaya masa. Amma ya kafa doka ba a ambaton fim a shagonsa, kuma ba wanda ke musu da mutumin da ya ɗora masa aska a maƙogwaro.

Casilda ba ta taɓa fashin zuwa kallon fim ɗin ba har ta kwanta ciwon da ya tafi da ita. Allah bai ba su haihuwa ba. Hotonta guda ne a gidan, na ranar aure, ta ƙame a ciki kamar an tsorata ta, ita da ba ta iya zama minti ɗaya bakinta a rufe ba. Bayan rasuwarta takan zo masa a barcin rana. Ya gan ta can tsakiyar filin gishiri, jajayen tsuntsayen nan masu dogayen ƙafafu na tafiya a gefenta a hankali, ta juyo tana dariya, kafaɗunta na girgiza, amma ba sauti. Ya miƙa kunne har wuyansa ya yi ciwo, ba ya jin komai sai iska. Ya farka ya yi ta lalube a cikin kansa: siririya ce dariyar, ko mai kauri? Tana farawa ta hanci ne? Shekara na bin shekara muryar tana narkewa, har ya kai ga in da za a ce ya ba da shagon da gidan a musayar ji ɗaya, da ya bayar. Bai faɗa wa kowa wannan ba.

Eulogia, ƙanwar Casilda, wadda kowa ke kira Loya, ita ke kawo masa abincin rana tun rasuwar yayarta, ita ce kuma ke riƙe da makullin rumbu. Wata rana ta ajiye masa shinkafar kwakwa da soyayyen kifi, ta tsaya tana shinshina.

"Mijin yaya, me ya mutu a kabad ɗin nan?"

"Hancinki."

Ta buɗe. Wani wari mai tsami ya buge ta daga gwangwanayen. "Wayyo Maryamu! Ruɓewa yake yi. Haka na ji an ce yana yi in ya tsufa, irin ku. Akwai wani a birni, Wilfrido, yana juye irinsu a faifai kafin su lalace. Ka kai masa, ko ka ba ni in kai."

"Abundio ni ya bar wa."

"To ɗauki ƙafarka. Kuma Beli, bana ka shigo. Sau ɗaya dai. Kujerarka na nan a gaba, duk shekara ni ke goge ta, har gizo-gizo ya san ni."

"In shigo a yi mini dariya a fuska? Ta bayan bango ba ta ishe ku ba?"

"Kai dai ka ɗauka duniya ba ta da abin kallo sai gashin bakinka. Yaya tana ciki, in gaya maka."

Ya ajiye cokali. "Casilda sanda ta riƙe, ba ta cikin fim. Tana bayan coci, na san inda na sa ta. Kada ki ƙara jawo sunanta cikin wasan banzan nan."

Loya ta dubi fuskarsa. Ta kwashe kwanonin jiya ta fita tana cewa, "Allah ya ba jaki haƙuri, an ce shi ne mai taurin kai."

Ya shiga motar safe ya tafi birni da gwangwanayen a cikin jakar askinsa. Wilfrido wani mai tumbi ne da tabarau, ɗakin aikinsa sanyi kamar cikin randa. Da ya ga wanda ya shigo sai ya miƙe har kujera ta faɗi. A bangonsa akwai gwagwa a rataye.

"Kyaftin da kansa! Don Belisario, ban san sau nawa na je rumbunku ba. A can na haɗu da matata."

"Allah ya ba ta haƙuri. Ga aikin."

Da aka juye fim ɗin cikin na'ura, Wilfrido ya kira shi ya nuna masa a allo, ba sauti. Belisario ya ga wani saurayi dogo, gashin baki baƙi wuluk, yana tsaye a kan farin da ba shi da iyaka. Ya daɗe yana kallo. Bai kalli hagu ba, bai kalli dama ba, bai kalli sama ba. Fuskar nan kaɗai ya gani.

"Ka ga wannan karcen?" in ji Wilfrido. Ya taɓa wani abu, karcen ya ɓace kamar ba a taɓa yi ba. "Haka zan bi su duka."

A daidai nan akuya ta shigo daga hagu.

"Wannan fa?" Belisario ya nuna da yatsa. "Za ta gogu?"

Wilfrido ya yi dariya, ya ga tsohon ba ya yi, ya haɗiye. "Akuyar? Don Belisario, akuyar ai ita ce fim ɗin. Akwai masu zanenta a damtse."

"Ni ne fim ɗin. Za ta gogu ko ba za ta gogu ba?"

"Za ta gogu, amma..."

"Zaren da ke riƙe da jirgi?"

"Shi ma."

Belisario ya jingina. Wani abu mai daɗi ya taso masa daga ciki, kamar kurɓin farko na giyar rake. Ya ga rumbun cike, shiru, ba mai tari. Ya ga jirgi na saukowa da kansa, ba zare ba sanda. Ya ga ɗaliban nan sun cire kwanonin daga kansu sun riƙe a ƙirji. Abin da ya gani a madubin shago yana saurayi, ga shi ashe yana nan kwance a ƙarƙashin datti, wanki kawai yake jira.

"Saurara," ya ce. "Duk wanda Abundio bai sa wa kaya ba, ka cire shi. Duk inuwar da ba ta ɗan wasa ba, ka cire. Duk sautin da bai fito daga bakin ɗan wasa ba, ka cire. Ka sa mini kiɗa mai nauyi."

"Mutanen gari sun sani?"

"Da suka yi ta dariya, sun tambaye ni?"

Ya kama ɗaki kusa da tasha yana jira. Wata la'asar Wilfrido ya zo da kansa ya same shi yana shan baƙin kofi.

"Don Belisario, akwai wani wuri wajen ƙarshe. Ka zo ka gani da idonka kafin in taɓa shi. Bayan jawabi kaɗan, inda jirgi ke sauka, akwai wata..."

"Na san wurin. Shi na fi so ka goge."

"Ka gan shi kuwa?"

"Ina tsaye aka ɗauka."

Da aka gama, Wilfrido ya roƙi a bar masa kwafin da ba a taɓa ba, ko don tarihi. Belisario ya tsaya a kansa har ya share shi daga na'ura, ya sa shi ya rantse da kabarin uwarsa cewa bai ɓoye wani ba. Ya karɓi faifansa mai sheƙi, ya kwashe gwangwanayen.

Bai wuce gida kai tsaye ba. Ya sauka a bakin gari ya bi ta kan gaɓar tafkunan, har wanda ruwansa ya yi ja-ja saboda kaurin gishiri, inda ko ƙarfen jirgin ruwa aka jefa ba ya kai damina. Rana ta karkata, sama da ruwa sun zama launi ɗaya, tsuntsayen na tsaye a ƙafa guda kamar a mafarkinsa. Ya jefa gwangwanayen ɗaya bayan ɗaya. Ba su yi ƙara ba. Ruwan ya buɗe ya karɓa ya rufe. Ya ji jikinsa sakayau, har da fito a hanyar gida.

Ranar biki gari ya cika. Motocin birni sun yi layi har bayan coci, gwagwa na ƙyalli a rana ko'ina ka duba. Ana soya wainar masara da ƙwai a bakin rumbu, ana kiɗa, masu kamun kifi sun sha sun yi laushi. Sai ga Belisario cikin farin kwat ɗin aurensa, ya shafa wa gashin baki mai. Aka buɗe masa hanya. Wani ya fara tafi, kowa ya ɗauka.

Loya ta dafe ƙirji. "Yau kuma wace rana? Ku taɓa ni in ji ko na mutu." Idonta ya kawo ruwa, ta goge da gefen zane. "Zo, mijin yaya, zo ka zauna. Buɗe hannunka." Ta zuba masa ɗan gishiri.

"Na mene ne?"

"Riƙe dai. Za ka sani."

Aka toshe tagogi. Haske ya tsaga duhu ya faɗa a bango, sai rumbun ya yi "Aaah!" Ba su taɓa ganin wata ya yi fari haka ba. Kiɗa mai nauyi ya tashi. Belisario ya gyara zama.

Mutanen sama suka zauna shawarar yaƙi. A bayansa ya ji benci ya yi ƙara, matar Chencho mai burodi ta miƙe tsaye kamar yadda take yi duk shekara, tsohuwa tukuf, hannunta a dunƙule. Rumbun ya ja numfashi. "Chen..." wasu suka fara. Bayan mutanen sama ba kowa, fari ne fetal har ƙarshen bango. Tsohuwar ta ci gaba da tsayuwa, tana jira ko ya makara. Har wurin ya wuce. Wani ya kamo hannunta ya zaunar da ita.

Inuwar fada ba ta zo ba. Sarkin sama ya yi kukansa shi kaɗai, ba wadda ta kira ɗanta cin abinci. Ɗan nata yana nan a rumbun, ya yi furfura, ya zo da jikokinsa su ji. Inda akuya ke shigowa, yara suka yi "Meee!" tun kafin lokaci, kukan ya mutu a bakinsu. Wani baƙo ya ce da ƙarfi, "Kai mai majigi, ba fim ɗin ba ne!" Aka ce masa shi ne.

Sai jawabi. Kyaftin ya ɗaga bindiga, ya ce a ajiye gishiri, ba gadon kakan kowa ba ne. Shiru. Ko tari babu. Abin da Belisario ya yi shekaru yana mafarki ke nan, ga shi ya samu, amma ya ji shirun yana da sanyi kamar ɗakin da aka fitar da gawa. Ya saci kallon gefe. Ba wanda ke kallon kyaftin. Duk idanu suna can saman bango, kusurwar dama, kowa ya ɗaga dunƙulallen hannu.

Jirgi ya fara saukowa, santsi, ba zare, ba girgiza, kyakkyawa kamar na gaske.

"Casilda," in ji Loya a hankali.

"Casilda!" rumbun ya amsa, har da baƙin birni, amma ba wanda ya watsa gishiri. Suna jira. Jirgi ya sauka. Kusurwar dama baƙa ce wuluk da 'yan taurarin da Wilfrido ya zana.

Belisario ya kama hannun Loya. "Me suke kira? Me ya sa suke kiran matata?"

Ta juyo ta dube shi, hasken bango na rawa a fuskarta. Ta gane. Ta yi magana ƙasa-ƙasa.

"A nan sandar ke lanƙwasa. Jirgi ya karkace. Sai hannunta ya shigo daga sama, da awarwaron jan dutsen nan da ka saya mata. Sai fuskarta, a juye, gashinta na reto, ta leƙo ta ga ko ta buge ka. Sai ta yi dariya, Beli. Dariyar nan tata da ke farawa ta hanci. Ta ce, 'Wayyo Beli na, ka yi kyau kamar gaske!' Kai kuma kana ƙasa ka ƙame, dariyar kawai ka ji, ba ka ji maganar ba. Shi muke wa dariya. Shi nake zuwa ji duk shekara." Sai ta ce, "Ina gwangwanayen?"

Ya miƙe, ya bi ta tsakiyar mutane, wannan karon ba wanda ya yi tafi. A waje rana ba ta faɗi ba tukuna, hasken ya kashe masa ido. Ya yi gudun da bai yi ba tun yana saurayi, har bakin jan tafkin, ya shiga da farin kwat ɗinsa ruwa har ƙugu, gishiri na cin duk wani tsagu na fatarsa. Ya yi ta lalube da ƙafa. Ya ciro gwangwani guda, ya zama dunƙulen farin dutse. Ya fasa shi da gwiwa. Abin da ke ciki ya manne ya yi laushi kamar dafaffen ganye, ya ɗaga wani yanki ga rana, ba komai a jiki, hasken ya wuce tsaf. Ya ɗaga wani. Ya ɗaga wani. Tsuntsayen suka tashi gaba ɗaya suka bar masa tafkin.

Ɗaliban birni ba mugaye ba ne, washegari suka kawo masa kaset ɗin nan na sata. Ya zauna ya kalla tun daga farko har ƙarshe, karo na farko a rayuwarsa. Wanda ya sace shi daga nesa ya ɗauka, gefe da gefe duk a yanke, saman babu. Akuya na nan dishi-dishi, rabin keken Chencho na nan. Wajen saukar jirgi ana ganin zare ya girgiza, shi ke nan, sautin kuwa ihun 'yan kallo ne ya danne komai. Ya kira Wilfrido a waya. Wilfrido ya ce, "Don Belisario, da kabarin uwata ka sa na rantse."

Garin bai bar bikinsa ba. Da shekara ta zagayo suka haska wankakken fim ɗin, da lokaci ya yi wani ya ja akuya ta gaske ta gaban bango, jikan Chencho ya ratsa da keke da kwando, aka kira suna aka watsa gishiri. Wajen saukar jirgi Loya ta hau benci ta faɗi maganar yayarta. Ta yi ƙoƙarin dariyar, ba ta yi kama ba, amma kowa ya cike sauran daga abin da ke kansa, don kowa ya gani, kowa ya ji, wasu tun suna goye.

Belisario kaɗai ba shi da abin cikewa.

Ga abin da ya rasa. Ya rasa masu aski, don mutanen da ya goge wa iyaye sun gwammace su hau mota zuwa garin gaba. Ya rasa abincin rana daga hannun Loya. Tana aikowa, amma ba ta ƙara shiga gidan ba. Ya rasa sunan Kyaftin da ya tsana, baƙi na wuce shagonsa ba sa juyowa, sai a lokacin ya san yana so. Ya rasa fuskar matarsa tana motsi, wadda babu irinta a ko'ina. Ya rasa maganar da ta faɗa masa a gaban duniya, wadda duk garin ya haddace ban da shi. Ya rasa dariyar da ya ce zai ba da gida da shago a kanta, alhali tana kulle a kabad ɗinsa, kusa da kan gadonsa, duk shekarun nan. Abin da ya rage masa faifai ne mai sheƙi, da wani dogon saurayi a ciki, tsaye shi kaɗai a kan farin fili, ba mai yi masa dariya.